Yadda Ake Yi wa Dangi Sharhin Labarai da Murya a Lokacin Yaƙi

Sana'ata gyaran waya. Shagona na farko yana kasuwar Wad Madani a nan Sudan, na yanzu kuwa wata 'yar rumfa ce a Gadarif, inda gudu ya yar da mu bayan 'yan Da'am sun shiga Madani a watan Disamba na 2023. Da'am su ne waɗanda gidajen rediyon Hausa ke kira dakarun RSF, mu a nan sunansu na Larabci muke gutsurewa. Dole ce ta mayar da ni mai sharhi. Danginmu sun watse, wasu suna Mai Wurno inda aka binne cibiyata, wasu Damazin, wasu Kasala, akwai na Makka da Jidda, akwai kuma reshen da bai taɓa barin Sakkwato ba tun da kakanninmu suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Tsofaffinmu suna jin Larabcin kasuwa, amma na talabijin yana yi musu sauri, mutanen Sakkwato kuwa ba sa jin ko ɗaya. Shi ya sa kullum bayan isha'i nake ɗaukar murya ta minti huɗu zuwa biyar da Hausa, in faɗi abin da ya faru da yadda nake ganinsa, in tura zaurenmu na WhatsApp. Samarin da ke zama a rumfata sun dame ni da tambayar yadda ake yi, don kowannensu yana da masu jiran labari daga bakinsa. To ga shi.

Da ka yi sallama, faɗi rana, da kwanan wata har da shekara, da lokaci, da garin da kake. Kada ka ga kamar ɓata numfashi ne, ni da ciwo na koyi wannan. A ƙarshen watan Yuni na 2024, daren da garin Singa ya faɗa hannun Da'am, na ɗauki murya bakina yana rawa, na ce duk mai mutane a ƙauyukan bakin kogi ya kira su su tashi, hanyar Dindir ta cika da masu gudu. Ban faɗi kwanan wata ba, wa ke tuna wannan a irin wannan dare? Soja suka karɓe Singa a watan Nuwamba, mutane suka fara komawa gidajensu. Ana nan wata asuba sai ga saƙon ƙanina daga Jidda: "Yaya, ka ji wannan? Wai an sake shiga Singa." Ina buɗewa na ji muryata. Kusan wata shida ta yi tana yawo a wayoyin mutane, ta je Saudiyya ta dawo mini a matsayin sabon labari. Kafin in gama kiran mutane ina ƙaryata kaina, wata goggona da ta koma ƙauye da ƙyar har ta ɗaure kaya ta biya kuɗin mota. Da na same ta a waya ban iya cewa komai ba sai, "Goggo, ki yafe ni." Ta ce, "Ɗan nan, na yafe, amma kuɗin motar fa?" Na tura mata ta Bankak, manhajar Bankin Khartum da kusan kowa ke biyan kuɗi da ita a nan.

Sai ka nemi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ka raba kowane shafi gida uku. Gida na farko abin da ka gani da idonka ko wanda ka yarda da shi ya gani da nasa idon. Na biyu abin da aka faɗa. Na uku abin da kake zato. Duk abin da ya shigo maka cikin yini, ka jefa shi a gidansa, da dare kuma in za ka yi magana ka bi su a jere, kada ka bari ɗaya ya tsallaka katangar ɗaya. Hausa ta hutar da mu a nan, don tana da kalmomin da ke nuna nisan mai magana da labari. "Da idona" daban, "daga bakin wanda yake wurin" daban, "an ce" daban, "wai" kuma ita ce can ƙarshen layi. Yi amfani da kowacce a inda ta dace. Mai sharhin da ya jefar da "wai" ɗinsa don magana ta yi armashi ya riga ya fara ƙarya ko da bai ƙara harafi ɗaya ba.

In wani ya kawo maka labari, tambaya ɗaya ce za ka riƙe: wa ya gani? Zai ce abokinsa. Ka ce shi abokin yana can ne? Sau da yawa kafin ka kai mutum na uku za ka tarar duk daga shafin Facebook ɗaya suka sha. Waɗanda na fi dogara da su direbobin manyan motoci ne da masu sayar da tikiti a tasha. Su ba ruwansu da siyasa, amma in motocin wata hanya sun daina lodi, ko kuɗin mota ya yi tsalle cikin yini ɗaya, to ruwa ba ya tsami banza. Bayansu sai matan da ke dafa abinci a takiyya, wato tukunyar taimako ta unguwa, don su ne ke fara sanin baƙi nawa suka sauka da kuma garin da suka baro.

Gidajen labarai kuwa, kafin ka saurari abin da suke faɗa, san mai gidan. Al Jazeera ta Ƙatar ce. Al Arabiya da ƙanwarta Al Hadath na Saudiyya ne. Sky News Arabia a Abu Dhabi take, gwamnatin Sudan kuma tana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda mu ke kira Imarat, da bai wa Da'am makamai, ita kuma tana musantawa. A watan Afrilu na 2024 gwamnati ta dakatar da aikin waɗannan ukun na baya a ƙasar. SUNA kamfanin dillancin labarai ne na gwamnati, abin da soja ke so a ji shi za ka ji. Da'am suna da nasu shafukan a Telegram. Radio Dabanga 'yan Sudan ne ke yin ta daga Holan tun 2008, da Darfur ta fara, kuma har yau tana da kunne a garuruwan da kyamarar manyan tashoshi ba ta zuwa. Ban ce ka ƙaurace wa ko ɗaya ba. Dabarar ita ce ka lura da inda abokan gaba suka haɗu. In soja suka ce sun "sake tsara matsayinsu" a wani gari, Da'am kuma suka ce sun kama shi, to garin ya tafi. In ɗaya ya yi ta shelar nasara ɗayan ya yi gum, jira gobe. Adadin waɗanda kowane ɓangare ya ce ya kashe wa ɗaya kuwa, ni ko a gida na uku ba na rubuta shi.

Ka mallaki ƙaramar rediyo mai gajeren zango da batir na ajiya. A farkon Fabrairu na 2024 shabaka, wato layin waya da intanet, ta ɗauke gaba ɗaya, Zain da Sudani da MTN duk suka mutu, Bankak ya tsaya, mutum da kuɗinsa a waya ba ya iya sayen burodi. A yankunan da ke hannun Da'am mutane sun koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don su aika saƙo ɗaya. A kwanakin nan rediyon mahaifina, wadda muka sha yi wa dariya, ita ta riƙe unguwarmu. Shirin dare na BBC Hausa da ake ji takwas da rabi a Kano, a nan tara da rabi ne, don muna gaban Najeriya da awa ɗaya. Amma kada ka rataya a tasha ɗaya, su ma gidajen rediyon suna da tasu ƙaddarar. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023 bayan shekara 85, wata uku kacal kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, sai da ta dawo ta buɗe wani shirin gaggawa don Sudan a watan Mayu. Muryar Amurka ta yi tsit a Maris na 2025 bayan umarnin Shugaba Trump, kawuna ya yi kwanaki yana murɗa rediyo yana zargin batir. Don haka ka san lokutan DW da RFI su ma.

Bidiyo shi ne inda aka fi yaudarar mutane, don mun taso da cewa gani ya kori ji. A waya ba haka abin yake ba. Kashe sautin tukuna ka kalli hoton shi kaɗai, domin rabin ƙaryar a bakin mai ihu a bayan kyamara take. Dubi ƙasa: in an ce jiya aka ɗauka, muna tsakiyar Afrilu, ga ciyawa kore shar, to wannan na damina ne, damina kuwa a nan daga wajen Yuni take zuwa Oktoba. Dubi lambar mota da allon shaguna. Sannan ka kunna sautin ka saurari harshe, don an sha kawo mana yaƙin Libiya da na Yaman da na Siriya a ce Umdurman ce, alhali Larabcinsu ba ya ɓuya ga kunnen ɗan Sudan. Akwai ma waɗanda daga wasan kwamfuta aka yanko su, za ka ga jirgi yana faɗuwa kyamara ba ta ko girgiza. In kana da shabaka mai ƙarfi, ɗauki hoton fuskar wayar ka saka a Google Lens, sau da yawa zai nuna maka inda hoton ya fara fitowa shekarun baya. Akwai kuma 'yan jaridar Beam Reports, 'yan Sudan ne da suka mayar da bin diddigin irin wannan ƙanzon kurege sana'a, leƙa shafinsu kafin ka wahalar da kanka.

Murya ma yanzu ba shaida ba ce. A Oktoban 2023 BBC ta bankaɗo wasu muryoyi da aka riƙa yaɗawa a TikTok da sunan tsohon shugaban ƙasa Umar al-Bashir, ashe na'ura ce ta kwaikwaye shi. Ta ɗaya gefen kuma, watanni aka yi ana rantsuwa a rumfunan shayi cewa Hamidti, shugaban Da'am, ya mutu, duk bidiyonsa na na'ura ne. Wani maƙwabcina har ya ce in ya fito da rai a aske masa gemu. A ƙarshen Disamban 2023 aka gan shi a Uganda da Habasha, ranar 2 ga Janairun 2024 kuma ya sa hannu kan takarda tare da tsohon firaminista Abdallah Hamdok a Addis Ababa. Gemun yana nan, mun bar masa.

Labarin sulhu yana bukatar taka-tsantsan na musamman, domin shi ne mutane suka fi ƙishirwa, shi ne kuma ke sa mutum ya kwashi iyali ya koma inda bai kamata ba. An gayyata daban, an amsa gayyata daban, an zauna daban, an sa hannu daban, bindiga ta yi shiru kuma daban. Faɗi matakin da aka kai, kada ka ƙara taki ɗaya. Takardar da aka sa wa hannu a Jidda ranar 11 ga Mayun 2023 alkawarin kare fararen hula ce, ba ta tsayar da wuta ba, amma a Madani na ga masu rungumar juna suna cewa an gama. Tsagaita wutar kwana bakwai da ta biyo baya ma ba ta hana harbi ba. Taron Geneva na Agustan 2024 kuwa soja ba su je ba sam.

Yanzu sunaye. Kowane ɓangare a ƙasar nan yana da laƙabin da ake zaginsa da shi: kizan ga 'yan tsohuwar gwamnatin Bashir, ƙahata ga 'yan siyasar farar hula, balabsa ga masu cewa a ci gaba da yaƙi. Da ka furta ɗaya, mai sauraro ya ajiye labarin ya koma auna ɓangarenka. A zaurenmu akwai uwar soja, akwai wanda ke zaune a garin da ke hannun Da'am yana kwana da tsoron a duba wayarsa. Ni soja nake cewa, in ce Da'am, in ce 'yan siyasa, shi ke nan.

Sunan ƙabila kuwa, wannan mu Hausawan Sudan ba sai an yi mana wa'azi ba. Mun ga abin da ya faru a jihar Nil Azraƙ a watan Yuli na 2022, a Rusairis da kewayen Damazin, sannan a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Rikici kan ƙasa da neman sarautar gargajiya ya ci ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum da Bur Sudan. Kafin wuta ta kama, da kuma lokacin da take ci, wayoyi cike suke da muryoyin "ƙabila kaza sun ce", "ƙabila kaza suna taruwa", daga kowane gefe, har da namu. In mutum ya yi laifi, ka ce wani mutum, ko wasu 'yan bindiga, ka faɗi wurin. Kada ka ɗora wa ƙabila. Wanda ya turo muryar zuga cikin zaure, ka kira shi gefe, in babba ne ka ce, "Baffa, don Allah a janye wannan, akwai yaranmu a garin." Yawanci suna janyewa in ba a kunyata su a gaban jama'a ba.

Sai sharhin kansa, wanda shi ne kowa ke ɗokin yi, kuma shi ya kamata ya zo ƙarshe ya fi gajarta. Ɗauki magana ɗaya a dare, ka buɗe ta da "a ganina" don kowa ya san an bar labari an shiga ra'ayi. Amfanin mai sharhi shi ne ya warware abin da kanun labari ya dunƙule. Misali, ranar 5 ga Mayun 2025 Kotun Duniya da ke Hague ta kori ƙarar da Sudan ta kai Imarat. Nan take wasu suka ce kotu ta wanke Imarat, wasu suka ce an sayi alƙalai. Abin da kotun ta ce shi ne ba ta da hurumin sauraron ƙarar, ba ta ma shiga cikin zargin ba. Wannan bayanin na minti ɗaya ya fi awa guda ta zagi amfani. Kuma kullum ka tambayi kanka, wannan labarin me zai canza wa Goggo gobe da safe? Lokacin canjin takardun kuɗi na fam 500 da 1000 a Disamban 2024, dare uku na yi ban taɓa siyasa ba, ina bayanin cewa sai an kai tsofaffin kuɗi banki an zuba a asusu, da abin da wanda ba shi da asusu zai yi. Ba a taɓa yi mini godiya kamar ta wannan makon ba. Abu ɗaya da na haramta wa kaina shi ne sa wa yaƙi ranar ƙarewa. Masu fitowa kai tsaye a Facebook sun sha cewa saura mako biyu tun 2023.

Labaran Najeriya da Nijar nakan taɓa su sama-sama, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rikicin sarautar Kano da ya taso a Mayun 2024, tsakanin Muhammadu Sanusi na Biyu da Aminu Ado Bayero, tsofaffinmu sun bi shi kamar a Mai Wurno ake yi, amma abin da rediyo ta faɗa kawai nake maimaitawa, in bar wa 'yan'uwa na can sharhi. In ka ji labarin Nijar ya yi ƙaranci, ka tuna sojojin da suka kifar da Bazoum a Yulin 2023 sun rufe RFI da France 24, daga baya suka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024.

Daren Alhamis na fim ne, matan zaure suka kafa wannan doka, kuma sun yi gaskiya, zuciya tana bukatar hutu. Ƙa'idar ba ta da yawa. Kada ka yi sharhin fim ɗin da ba ka kalla har ƙarshe ba, in kashi uku ka gani a YouTube ka ce kashi uku ka gani. Yi magana kan labari da wasa da sauti, ka bar auren 'yan wasa da sakinsu. Mutuwar ɗan fim kuwa kada ka taɓa sanar da ita daga Facebook, an kashe da yawa a can suna raye suna cin tuwo. Ranar da Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta rasu a Afrilun 2024, tun da rana saƙonni suka cika mini waya, amma sai da na ji daga gidan rediyo na yi ta'aziyya. Akwai kuma abin da ake yawan cakuɗawa: hukumar fina-finai ta tarayya da ke Jos, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, daban take da hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda ita ce ke dakatar da fim ko ɗan wasa a Kano. Wani lokaci nakan sako namu na Sudan, kamar fim ɗin Muhammad Kordofani da ya ci kyauta a bikin Kan na Faransa a Mayun 2023, Khartum tana cin wuta.

Tsaron kanka da na masu ba ka labari ba abin wasa ba ne. Kada ka faɗi inda soja suka yi sansani, ko daidai inda musayyara, wato jirgi marar matuƙi, ta faɗa, kada ka ɗauki hoton wurin. Wanda ya ba ka labari daga yankin da ake yaƙi, "wani da ke can" ya ishe shi suna. Ana duba waya a shingayen bincike na kowane ɓangare, don haka goge abin da ya kamata kafin ka hau mota, ka kuma tuna wa masu tafiya su goge muryoyinka. Rasuwar ɗan'uwa ba a zaure ake fara jin ta ba, kira babban gidan ya sanar da iyali tukuna.

Wajen ɗauka, shiga ɗaki, kashe fanka, riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka. Kada ka wuce minti biyar, don mai raunin shabaka ba zai iya sauke doguwar murya ba. Saurari abin da ka ɗauka kafin ka tura, sau da yawa a nan nake kama "wai" ɗin da ta zame. Riƙe lokaci ɗaya kullum, in kuma za ka yi tafiya ka faɗa tun jiya ko ka wakilta wani, domin shirunka kaɗai yana iya hana wata tsohuwa barci. In ka yi kuskure, gyaran ya zo a farkon muryar gobe, da bakinka, "jiya na ce kaza, ba haka ba ne," kada ka ɓoye shi a rubutu, yawancin masu saurarenka ba sa karantawa.

Ranar da babu labari, ka ce babu. Ni nakan faɗi yadda buhun dawa da na riɗi suka kwana a kasuwar Gadarif, ko an yi ruwa, gidan wa aka yi haihuwa, sai in yi sallama. Kawuna na Damazin ya ce irin waɗannan ne yake saurara sau biyu.